Kwanon da Ya Rage

Shekarun baya, da Allah Ya yi wa mahaifiyata rasuwa, mutanen layinmu a Tungan Maje sun yi mana abin da har gobe ba mu da bakin godiya. Kwana bakwai ba mu hura wuta ba. Maƙwabciyarmu 'yar Filato, wadda muke yawan faɗa da ita a kan kwata, ita ta riƙe ɓangaren mata. Mijinta ya ɗauko kujerun cocinsu ya jera wa masu zaman makoki. Abinci kuwa sai da muka riƙa rabarwa.

Mahaifiyata tana da doka: ba a mayar wa mutum kwano wayam, kuma ba a aike, da ƙafarka za ka je. Saboda haka bayan sadakar bakwai ni da ƙanwata muka wanke kuloli da kwanuka, muka sa sabulu a kowanne, muka bi gida-gida. Ni da nake taƙamar dauriya, a kowace ƙofa sai na ɓarke da kuka, ƙanwata ta ƙarasa godiyar.

Kwano ɗaya ya rage, tsohon kwanon sha mai murfi, wanda aka kawo tuwon dawa a ciki. Kowa ya ce ba nasa ba ne. Ƙanwata ta kifa shi, sai ga ɗigo uku na janfarce a gindinsa, alamar da mahaifiyata take yi wa kayanta. Wa zai kawo mana abinci a kwanon mamaciya?

Na ƙi barin maganar, don ban yarda a ce akwai wanda ya ciyar da mu bai ji godiya ba. Maƙwabciyar ce ta tuna ta ga wata Bagwariya mai sayar da doya a bakin titi ta shigo da shi a kafaɗa, ranar kwana uku. Muka same ta. Ta ce ita aikenta aka yi, ta kai mu ƙauyensu wajen uwarta.

Tsohuwa ce makauniya, ta fi shekara biyu ba ta fita ɗaki ba. Ashe duk Juma'ar da mahaifiyata ta ce za ta kasuwa, wajen tsohuwar take biyowa da abinci, tun zamanin da tsohuwar take ba ta doya kyauta lokacin da babanmu ba shi da aiki. Ni kuwa ga ni nan, wai na san komai nata.

Na tambayi wanda ya faɗa musu rasuwar. 'Yar ta ce babu, sai da ta iso gidanmu ta ga taro. Tsohuwar ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ita ta zo da kanta, ran Talata da hantsi," in ji ta. "Ta tsaya nan bakin ƙofa, ta ce ba za ta zauna ba. Ta ce in mayar wa yaranta kwano, za su ji yunwa."

Ranar Talata da hantsi ina riƙe da hannun mahaifiyata a asibiti ta cika. Ƙanwata ta dube ni. Na miƙa sabulun, na yi godiyar da ta kawo ni.

Ban san abin da tsohuwar ta ji ba, mafarki ne ko mene ne, Allah ne masani, kuma na daina neman bayani. Abin da na ɗauka shi ne alherin da muka ci a kwanakin nan bakwai, mahaifiyata ce ta shuka shi ba mu sani ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Na ci gaba da kai tuwo duk Juma'a har tsohuwar ta rasu. Kwanon yana wurina. Har yau ban iya ajiye shi wayam ba, kullum da sabulu a ciki.