Mutumin da Ba Ya Amsa Sallama a Fadamar Kurudu

Badaru ba ya amsa sallama daga asuba zuwa hantsi, kuma bai taɓa ɓoye wannan hali ba. In ka same shi a bakin fadamar Kurudu zaune a kan kututture, madubin hangen nesa a ido, sai ya ɗaga maka tafin hannu, ko waiwaye babu. Liman ya taɓa tare shi ya ce amsa sallama wajibi ne.

"Ina amsawa a zuci, Malam," in ji Badaru. "Zalɓe ba ya jin ta zuci."

Masinja ne a wata ma'aikatar tarayya, shekara talatin yana yawo da fayil daga ofis zuwa ofis. Da ya yi ritaya, ya sayi madubin nan a gwanjo a kasuwar Karu. Duk bazara yana nan da littafinsa, yana rubuta ranar da agwagwar ruwa kirinjijiya ta ragu, da ranar da shamuwa ta fara sauka. Angelina, mai noman alayyafo a gefen ruwan, ba ta taɓa irin masararta sai ta leƙa littafin.

A shekara ta takwas da komawar mulki hannun farar hula, Abuja ta cika ta tumbatsa, ta iso Kurudu. Wani darakta, Alhaji Umar Farouk, ya zo da takardar fili da tifofi shida na jar ƙasa. Ya yi sallama sau uku. Badaru ya ɗaga masa tafi.

"Baba, kurma ne kai?"

"Oga, sauke murya. Kana tsaye taku huɗu daga ƙwan zakaran ƙeƙuwa."

Ƙwai huɗu ne a tsurar ƙasa, daidai inda tayar tifa za ta bi. Badaru ya mirgino kututturensa ya dasa a gabansu.

Da yamma ya bi gida-gida da takardar koke. A ƙofar farko ya yi sallama, mai gidan ya leƙo, ya ɗaga masa tafin hannu, ya mayar da ƙofa. Haka aka yi masa a gida goma sha ɗaya. Angelina kaɗai ta dangwala yatsa, tana cewa, "Baba, ka ga abin da bakinka ya jawo? Bakin da ba ya magana ma!"

"To, mu biyu ne. Tifa ba ta iya ƙirga ba."

Kwana goma sha tara ya yi a wurin, rana na gasa shi. Direbobi suka yi hon har suka gaji, suka koma zuba ƙasa ta ɗaya gefen. Ba wanda ya yarda ya zama mai take tsoho. A rana ta ashirin 'yan tsaki uku suka bi uwarsu cikin ciyawa. Ƙwai ɗaya bai fashe ba. Ya rubuta hakan, ya ɗauke kututturensa.

Fadamar ta tafi. Abin da ya rage wani siririn ruwa ne a bayan katangar gidajen daraktan. Can Badaru ya koma, ya ƙara bazara biyar, bai amsa wa kowa ba.

Da ciwo ya kayar da shi, maƙwabta suka taru a ɗakinsa suna jiran ya nemi yafiya. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya zaro littafin daga ƙarƙashin matashi.

"Wanda ya ji haushina, tsakaninmu sai Allah. Amma shamuwa ba ta sauka ba tukuna bana. Wani cikinku ya je bayan katangar nan gobe ya zauna, ya rubuta min ranar. In an yi masa sallama, don Allah ya rufe bakinsa."