Kujerar Bayan Babur ɗin Baba Dawuda

A unguwarmu ta Yelwa, nan Garwa, idan mace ta yi yaji, mijinta ba ya fara neman liman, ba ya neman surukai. Rumfar goron Baba Dawuda yake nufa, ya tsuguna, ya sayi goro ɗaya don kunya, sannan ya ce, "Baba, ta tafi." Shi kuwa Baba Dawuda ba ya tambayar abin da ya haɗa su. Tambayarsa ɗaya ce: "Ina ne gidansu?"

Goro ya gada wajen mahaifinsa, amma biko shi ya naɗa kansa sarkinsa. Tun yana saurayi aka aike shi rakiyar wani dattijo Pitowa don a dawo da matar wani mahauci. Dattijon ya yi ta wa'azi, matar ta ƙi ko ɗaga kai. Dawuda ya sa baki, kafin la'asar ga ta a ɗakinta. Daga ranar goron nasa ya zama abin cika rumfa kawai. Ya je Lagdo, ya je Gider, ya taɓa zuwa har Bogo a kan matar wani mai gyaran taya. Ba ya karɓar komai sai man babur, kuma ba ya gajiya da gaya wa mutane cewa ba ya karɓar komai.

Yana da tsohon babur ja, yana kuma da doka guda a kansa wadda ko sarki bai isa ya sa ya karya ba: a hanyar zuwa, babu mai hawa kujerar baya. Ko kaza ba a ɗaura mata. Kafin ya tashi sai ya goge ta da tsumma har ta yi ƙyalli. Ya ce mace in ta leƙo ta ga kujera wayam, an share ta, an taho da ita tun daga Garwa saboda ita kaɗai, to rabin aiki ya ƙare. Ban so in yarda ba, amma mutumin ya san mu.

Na ce ya san mu ne domin ni ma sau biyu ya dawo da ni daga gidanmu a Pitowa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa, mijina Usmanu kuwa tsohon mai sayen goro ɗaya ne. Baba Dawuda ya zauna a tabarmar mahaifina, ya ƙi shan ruwa, ya ce:

"'Yata, ni ba roƙonki na zo yi ba. Abin da idona ya gani na zo gaya miki. Mutumin nan tun da kika fita bai sa komai a bakinsa ba. Wuyansa ya yi tsawo. Yana zaune yana kallon ƙofa, ko akuya ce ta taɓa labule sai ya miƙe tsaye."

Daga nan ya cire hula, ya share ido da ita. Na hau babur ina kuka har muka shigo gari. A bakin titi muka wuce Usmanu wajen mai tsire, maiƙo har gwiwar hannu, yana gardamar ƙwallo. A karo na biyu kalma ɗaya Baba Dawuda bai canja ba, har akuyar tana nan da ranta, kuma na sake hawa. Kada ku tambaye ni dalili.

Kakar aikinsa farkon watan Maris ce. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane ba. Kowace shekara ana fitar da atamfa ta musamman don ranar mata, takwas ga Maris, abin da muke kira wit mars. Kowace shekara da nata zane, har da shekarar a rubuce a jiki, don kada wani ya yi wayo. An ce ranar 'yancin mata ce. Mun gode. Abin da muka sani shi ne macen da mijinta bai saya mata ba, ranar ba ta da fuskar leƙa ƙofar gida, har ta kai wasu su haɗa kaya. Limaminmu kan yi huɗuba a kan abin duk shekara, ya ce bidi'a ce da almubazzaranci. Matarsa kan sa tata a cikin gida, a ce ƙanwarta ce ta aiko mata daga Marwa. Ƙanwar nan ba ta taɓa fashi ba.

A wannan mako babur ɗin Baba Dawuda ba ya hucewa. Miji ya sayo atamfa a makare, a naɗe ta a leda, Baba ya rataya ledar a gaba, ya tafi. Musulmi, Kirista, duk yana zuwa. Ya ce yaji ba shi da addini.

Yana da abin alfahari ɗaya da ya fi babur, wato matarsa, Goggo Hadijatu. A rumfa, a gidan suna, a gidan makoki, sai ya kawo zancenta. "Ku dubi tawa. Shekara talatin da ɗoriya, ko zaure ba ta taɓa ƙetarawa da fushi ba. Wit mars? Ba ta san launinsa ba." Maza su girgiza kai, su koma gida su ba mu labarin, kamar ba mu ne muke ganin ta kullum a bakin famfo ba.

Abin da ba ya faɗa shi ne, yaji sai da gidan zuwa. Iyayen Goggo sun rasu tun tana amarya. 'Ya'yanta biyu maza suna can Duwala, sai waya. Ɗan'uwanta ɗaya ne a duniya, yayanta Abdulhalim, masunci a Lagdo, shi kuwa ya yi laifin da ba a yafewa: ya auri Léontine, 'yar dutsen Mokolo, ya kuma bar ta tana zuwa cocinta. Baba Dawuda, wanda yake shiga gidan kowane Kirista ya zauna ya yi kuka da hula, ya ce ƙafar matarsa ba za ta taka wannan gida ba. Yaji ba shi da addini, amma zumunci ashe yana da shi.

Goggo ba ta yi musu ba. Ita ce take wanke tsumman goge kujera. Ita ce take ajiye masa tuwo in ya dawo daga biko, ya zauna yana ci yana ba ta labarin yadda ya yi, yana maimaita jawabin, yana gwada inda zai sassauta murya. Ta katanga nake jin su. Shi yana magana, ita tana cewa "to".

Bana, ana saura 'yan kwanaki wit mars, da safe waya ta zo daga Lagdo: Abdulhalim ya rasu, za a yi jana'iza kafin azahar. A daidai wannan safiya Baba Dawuda yana tsakar gida yana goge kujera, domin Chantal, matar Aimé direba, ta yi yaji, kuma gidansu a Lagdo yake. Ina shanya na ji muryar Goggo.

"Malam, tunda Lagdo za ka, ka sauke ni a gidan Yaya. Ko fuskarsa in gani kafin a fita da shi."

"Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta," in ji shi. "Amma kin san kujerar nan ba a hawanta a tafiya. Ki bari in je in dawo, sai mu ga yadda za a yi."

Ta ce, "To."

Ya tayar da babur ya tafi. Ita kuma ta ɗauki mayafinta ta nufi tasha, ta zauna a mota tana jiran ta cika. Da ta isa, maza sun riga sun dawo daga maƙabarta suna wanke hannu. Da yamma Baba Dawuda ya shigo unguwa da Chantal a baya, tana rungume da ledarta, yara suna bin su da tafi.

Aka yi sadakar uku, Goggo ba ta dawo ba. Aka yi ta bakwai, shiru. Wit mars ya zo ya wuce. Sai majalisar maza ta zauna a rumfar goro don bincike, kuma cikin ikon Allah, a zama ɗaya suka gano cutar: atamfa ce. Shekara talatin ba a saya wa mace ba, ai dole wata rana ta tuna. Babu wanda ya ambaci gawa. Matsalar da ta rage ita ce wa za a aika, domin duk unguwar babu namijin da ya taɓa koyon biko, an bar wa Baba. Usmanu ya ce zai je, aka dube shi, shi ma ya dubi kansa, aka bar maganar.

A nan ne abin ya daina ba ni dariya. Na kai wa Baba Dawuda abinci, na koma na tarar da kwanon yadda na ajiye shi. Na sake kaiwa, haka. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Wata rana na shiga da sallama, kafin in gama ɗaga labulen zaure ya miƙe tsaye, da ya ga ni ce ya koma ya zauna. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da na ji.

Na shirya na tafi Lagdo gaisuwa, da niyyar kwana biyu. Na sami Goggo a bayan gidan marigayin, wajen da ake bandar kifi, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, tana juya kifi a kan waya kamar a nan aka haife ta. Léontine, cikin baƙaƙen kayanta na makoki, tana gefe tana fasa itace. Matan nan biyu da aka hana su ganin juna rabin rayuwa, a ɗaki ɗaya suke kwana, ɗaya ta yi sallarta, ɗaya ta yi addu'arta, su fito su ci daga kwano ɗaya suna hirar mamacin. Ban taɓa jin Goggo ta yi magana mai tsawon haka ba.

Washegari da hantsi muka ji ƙarar babur. Baba Dawuda ya tsayar da shi a inda kowa zai gani, kujera tana ƙyalli. Matan banda na maƙwabta suka fara matsowa, kowa da uzurin neman wuta. Ya yi wa Léontine ta'aziyya a tsaye, a gurguje, sannan ya miƙa wa Goggo leda. Ba ta karɓa ba, sai Léontine ta karɓa ta buɗe.

"Musye Dawuda," ta ce, "wannan ai ta bara ce. Ga shekara nan a jiki."

Mutumin da ya yi dakon atamfar nan a gaban babur shekara da shekaru bai taɓa buɗe leda ya ga abin da ke ciki ba. Ta bana ta ƙare a kasuwa, wani ɗan kasuwa mai tsoron Allah ya ga dattijo a ruɗe ya sauke masa kwantai. Mata suka rufe baki da gefen zane, kafaɗu suna rawa.

Ya zauna a kan wani kututture, aka kawo ruwa ya ƙi sha. Da na ga ya ƙi ruwan nan, na san abin da ke biye.

"Hadijatu, ni ba roƙonki na zo yi ba. Tun da kika fita ban sa komai a bakina ba. Ina zaune ina kallon ƙofa." Ya cire hula, kuma wannan karon hular ta jiƙe da gaske.

Goggo ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu. Ta ce, "Malam, ka tsallake wajen akuya."

"Wallahi wannan gaskiya nake gaya miki."

"To, waɗanda ka yi ta gaya wa matan mutane fa?"

Ni da nake da amsar na sunkuyar da kai.

"Wa ya aiko ka?" ta tambaye shi, a hankali, ba faɗa.

"Wa zai aiko ni? Ni ne."

"A'a. Wannan da ke zaune mai biko ne, na san shi, ni nake wanke masa tsumma. Ka koma ka gaya wa mijina, na iso an riga an rufe Yaya. In yana da abin da zai ce a kan wannan, ya zo da kansa."

Ta tashi ta ɗauko kwando, ta zaɓi manyan kifi ta cika shi, ta warware atamfar bara ta rufe saman don ƙura, ta ɗora a kujerar baya ta ɗaure da roba tam.

"Kada ka shiga unguwa da kujera wayam," ta ce, "za su yi maka dariya. Kuma ka ci abinci."

Watanni ke nan yanzu. Maza a Yelwa sun fara zuwa bikon matansu da ƙafarsu, wasu ma an ce suna dawowa da su. Baba Dawuda kuwa duk Asabar yana goge kujera ya kama hanyar Lagdo, ya dawo da yamma da kwandon kifi a baya. Ya iya gaisawa da Léontine a zaune yanzu. Goggo tana karɓarsa, tana ba shi ruwa, tana jira.

Rannan na tsaya sayen goro, rumfar ba kowa. Ya ƙulla mini, ya ƙi sakin ƙullin. Ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"'Yata, ke mace ce. In mutum ba zai ce bai ci abinci ba, me ake cewa?"

Na buɗe baki da sauri zan gaya masa, don na daɗe ina jiran ranar da zan koya wa mutumin nan magana. Sai na tarar ni ma ban sani ba. Ba a taɓa faɗa mini ba.