Isyaku Mai Yashi a Kan Dutsen Riruwai

Duk mai ƙetare gadar Wudil da safe zai iya hango Isyaku can ƙasa, ruwa iya ƙugu, yana loda yashi a kwale-kwale. Sana'ar da ya tashi da ita ke nan. Shi ba mai yawan magana ba ne, kuma tun da matarsa Hansai ta rasu, 'yarsu Ikilima ta yi aure a Gaya, maganar ta ƙara ƙaranci. In ya dawo gidansa na Sabon Gari sai ya kunna rediyo, ba don ya saurara ba, don dai a ji motsi a gidan.

Wata Asabar cikin damina sai ga mota a ƙofarsa. Tasi'u ne da Auta, abokansa na firamare, waɗanda aiki ya zaunar a Kano. Suka ce ɗaurin aure za su Jos, suka tuna da shi, suka ga bai kamata su tafi su bar shi ba. Ya so ya kawo uzuri, Auta ya ɗauko masa hularsa da kansa.

Sun wuce Tudun Wada ke nan aka bugo wa Tasi'u waya cewa an ɗaga bikin. Auta ya ce tunda an riga an fito, a karkata Riruwai a ga duwatsu.

Isyaku bai taɓa ganin ƙasa ta miƙe tsaye haka ba. Duwatsu kore shar, gajimare zaune a kansu. Abokan suka ɗan taka, gwiwa ta ce ba ta san zance ba, suka koma wurin mai gasa masara suna hirar makarantun 'ya'yansu da maganin hawan jini. Ya tsaya gefensu, ya rasa ta inda zai shiga hirar. Sai ya cire takalmi ya kama hawa.

A can sama iska mai sanyi ta buge shi. Gonaki sun koma kamar tabarmi, shanu kamar tururuwa. Ya juya zai ce wa wani ya duba, ba kowa. Ya lalubo lambar Ikilima, waya ta ƙi shiga. Ya zauna a kan wani falalen dutse har yayyafi ya sauko, gajimare ya rufe hanyar da ya biyo.

Ya yi ta sauka a makance, ƙaya na cin ƙafarsa, sai ya ɓulla wata ruga da bai sani ba. Wata tsohuwa ta ba shi wuri kusa da murhu, ta dama masa fura. Ta tambaye shi ko mutanen gida ba za su shiga damuwa ba.

"Ba kowa a gidan, Inna," in ji shi.

Ta dube shi, ta ƙara masa nono.

Sai bayan la'asar wani mai babur ya mayar da shi wurin abokansa. Ya tarar da Tasi'u ya jiƙe sharkaf wurin nemansa, muryarsa ta dushe saboda kira. Tasi'u ya rufe shi da faɗa, sa'an nan ya tuɓe babbar rigarsa, duk da jiƙewarta, ya yafa masa. Suka kwana a Doguwa, Lahadi suka sauke shi a bakin gada, aka yi alkawarin za a riƙa zumunci. Ana dai gaisawa ta waya jefi-jefi.

Da Ikilima ta zo ganin gida bayan Sallah, ya zaunar da ita zai ba ta labarin. Ya kai daidai inda gajimare ya sauko, jaririnta ya farka da kuka, ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito sai ta tambaye shi ko akwai sauran gawayi, ya ce bari ya je ya sayo.