Wutar Dashbod ɗin Baba

Mahaifina ya fi yarda da motarsa a kan likita. Tsohuwar mota ce da yake jigilar 'yan kasuwa da ita tsakanin Tambuwal da Kebbe tun ina firamare, kuma da ita aka biya min kuɗin makaranta har na zama malami. In ka ce ta tsufa, to ka shirya jin tarihin kakanninka.

A daminar da nake magana a kai ya fara ƙorafin cewa wutar dashbod, wato allon da ke gaban direba, ta yi rauni, da magariba ba ya ganin allurar mai da ta zafin inji. Ya canza ƙwai, ya zargi batir, ya zagi kayan zamani. Ran nan na raka shi wajen rewaya, wato mai gyaran wutar mota.

Rewayan ya nuna mana wata 'yar taya a gefen sitiyari, wadda ake murzawa da yatsa. Ya ce ita ke rage ko ƙara wutar da ke isa ga ƙwayayen dashbod, don da dare haske mai yawa a gaban direba yana hana shi ganin hanya. In kuma ka murza ta har ƙarshe ta yi ƙas, fitilar rufin mota ce za ta kama. Ya murza ta sama, lambobi suka fito tar.

"Baba, yanzu fa?"

"Har yanzu da sauranta," in ji Baba. "Kai dai ba ka iya aikinka ba."

Rewayan ya juyo ya kalle ni. Na daɗe ina ganin wani fari-fari a idon Baba, ina cewa tsufa ne. A gida na yi masa maganar asibiti, ya ce in tafi in koya wa yara ABCD, shi ya san hanyar Kebbe kafin a san za a haife ni. Na ji haushi, na kuma ji tsoro, domin ba shi kaɗai ke cikin motar ba.

Sai na fara bin sa duk ranar da ba makaranta, wai taya shi hira.

Wata ranar kasuwa ruwa ya tsare mu a Kebbe, ba mu taso ba sai bayan magariba. A 'yan shekarun nan ba mai son duhu ya same shi a wannan hanya saboda 'yan bindiga, in kuwa ya same ka, ba ka kunna ko fitilar waya a cikin mota. Fasinjoji kowa na addu'a a ciki. Ina ganin yatsan Baba a kan 'yar tayar, yana turawa, alhali ta kai ƙarshe. Ya ƙara dannawa, ta yi ƙas. Fitilar rufi ta kama, duk fuskokinmu suka bayyana a tsakiyar daji.

"Direba, kashe wutar ga don Allah," in ji wata dattijuwa daga baya. "So kaka yi a gane mu?"

Baba bai kashe ba. Ya rage gudu, ya sunkuyo har goshinsa ya kusa taɓa sitiyari.

"In na kashe ta," ya ce a hankali, "ba ni ganin komi nan."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya gangara gefen hanya, ya fita ya zagayo, ya buɗe ƙofar da nake. Na koma mazauninsa, kujerar ta lotsa daidai jikinsa, ba nawa ba.

"Rage ta," ya ce. "Tana kashe ido."

Na murza 'yar tayar ƙasa. Fitilar rufi ta mutu, dashbod ya koma wani ɗan kore mai laushi, hanya ta fito min sarai. Ina ganin kowace lamba, allurar zafi tana tsakiya, mai ya haura rabi.

Mun ɗan yi tafiya sai ya juyo.

"Na ce ka rage ta, ban ce ka kashe ta duka ba. Da mi kaka ganin allura?"

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ce, "Ina gani, Baba."