Frau Tjaden da Lambobi Masu Zuwa a Juye

Ƙarfe shida na safe motar Frauke Tjaden ta riga ta bar ƙofar gida. Tsohuwar motar kaya ce, cike da ma'aunai, batura, wayoyi da alli. Litinin tana makarantar koyon sana'a a bakin teku, Talata tana wani ƙauyen da ko direban bas sai ya yi tambaya, Laraba ta ƙetara zuwa tsibiri idan ruwa ya yarda. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan zirga-zirga, tana koyar da lissafi da kimiyya. Mu Jamusawan yankin Ostfriesland an san mu da zama a sha shayi kofi uku a natse. Ita kuwa a tsaye take sha, makulli a hannu, kuma ban taɓa ganin ta ƙarasa na biyu ba.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, abin kuma ya hana ni sukuni. Kullum ana ce mana jiha na buƙatar ƙwararrun ma'aikata, a gyara koyar da lissafi. An buga littattafai masu sheƙi, an yi taruka, an ci kek. Amma abin da na gani da idona a ma'aikatarmu ta walda, inda nake shugaban ma'aikata, ban same shi a ko ɗaya daga cikin littattafan ba.

Akwai wani mai walda a wurinmu, Okko Saathoff, ɗan shekara arba'in da shida. Hannunsa babu na biyunsa. Da muka samu kwangilar ƙera hasumiyoyin injin samar da lantarki da iska, aka ce dole kowa ya ci jarrabawar awo. Okko ya faɗi sau biyu, kuma idan ya faɗi na uku, ni ne zan miƙa masa takardar sallama. Abokan aiki suna kiransa Farfesa, tun ranar da ya yanka bututu santimita saba'in da huɗu maimakon arba'in da bakwai. Yakan taya su dariya, ya ce tun yana firamare aka gaya masa kansa ba na lissafi ba ne.

Na kira Frau Tjaden, wato Malama Tjaden a harshenmu. Ta ce minti ashirin take da shi tsakanin makarantu biyu. Da ta iso, ko zama ba ta yi ba, ta karɓi takardun gwajinsa, ta shimfiɗa su a kan motarta tana bi da yatsa.

"Herr Saathoff, wa ya ce maka ba ka iya lissafi ba?"

"Kowa da kowa."

"To, kowa da kowa bai iya dubawa ba. Bakwai sau takwas?"

"Shida-da-hamsin."

"Daidai. Rubuta mini."

Ya rubuta 65.

Haka harshenmu na Jamusanci yake, ƙaramar lamba muke fara faɗa kafin babba, shida-da-hamsin maimakon hamsin da shida. Yawancin yara sukan saba su juya ta a rubuce. Wasu kuwa hannunsu kunnensu yake bi, abin da suka fara ji shi suke fara rubutawa. Cikin amsoshi ashirin da aka soke wa Okko, goma sha shida daidai suke, juyewa kawai suka yi. Na ji kunya ta kama ni, domin shekara goma sha biyu ina tsaye a kansa ban lura ba.

Maganin da ta ba shi ba shi da tsada. Ta ce kafin ya rubuta, ya faɗi lambar a ransa ɗaya bayan ɗaya kamar lambar waya: biyar, shida. Mako shida tana zuwa lokacin hutun rana, tana ƙwala masa lambobi cikin ƙarar injina, yana rubutawa da alli a jikin farantin ƙarfe. Wata rana ta ce masa ya cika gaggawa. Ya ce, "Ji mai maganar gaggawa, ke da ko injin mota ba kya kashewa." Ranar nan har ita sai da ta dara.

Ya ci jarrabawar, yana nan a bakin aikinsa.

Ke ce, Frau Tjaden, mai karanta amsar da wasu suka ja wa jan biro suka wuce. Ke ce ba ki taɓa tambayar mutum me ya sa ya faɗi ba, sai dai ki ce ya nuna miki takardarsa. Ba a taɓa kiranki gaban taro an ba ki lambar yabo ba, kuma na san da an kira ki ma sai a tarar kin kama hanya. Mun gode, mu da muka ga aikinki.

Ku malaman da za ku gaje ta, da ku masu tsara manhaja a babban birni, roƙona ɗaya ne. Kafin ku soke amsa, ku tsaya ku duba yadda aka iso gare ta. Ban san mutum nawa ke yawo a jihar nan da irin tabon Okko ba, kuma rashin sanin ne ke damuna.

Da na gaya wa Okko zan yi wannan rubutu, ya goge hannu, sannan ya ce in ƙara masa layi ɗaya.

"Ka gaya mata na kai takardar sakamakon kabarin babana. Ya rasu yana zaton daƙiƙi ya haifa."