Rabon Yaran Yawuri

Shekara shida ke nan da aka ɗauki maigidana daga gidanmu na Al-Suwaidi aka kai shi maƙabartar Al-Oud. Ban raka shi ba tunda mata ba sa zuwa, kuma har yau ban san ta wane gefe yake kwance ba. Mutanenmu na Riyad sun san shi da Dokta. Masu tsokana kuwa Sarkin Ruwa suke ce masa, don sun rasa gane yadda mutum zai ƙarar da ƙuruciyarsa yana karatun halittun teku, sannan ya zo ya tare a garin da ko kududdufin kirki babu. Shi dariya kawai yake yi, ya ce ai shi ya sa garin yake bukatarsa. Bana 'yan ƙasarmu sun shirya taron tunawa da shi, har an aiko mini gayyata. Ba zan je ba. Ina so kuma in faɗi dalilina a inda kowa zai karanta, domin maganar bayan labule ta ishe ni.

Ɗan masunta ne daga Yawuri, a cikin kwalekwale ya yi wayo. Yakan ba ni labari cewa yana yaro ya tambayi mahaifinsa ina ruwan Kwara yake zuwa, tsohon ya ce inda Allah ya aike shi, ya kuma ce ya ja fatsarsa ya daina surutu. Wannan amsar ba ta gamsar da shi ba har ya girma. Da gemunsa ya fara ganin teku, kuma daga ranar bai sake sha'awar wani karatu ba. Lokacin da aka ɗaura mana aure yana aiki a gaɓar Bahar Maliya, yana nutso yana fitowa da abubuwan da ni ko a mafarki ban taɓa gani ba. Ban ɓoye masa ba, na ce ni dai na auri likitan da ba ya ba da ko maganin ciwon kai.

Daga baya wani attajiri mai makaranta a Riyad ya gina ƙaramin gidan adana halittu a jikin makarantarsa, ya nemi Dokta ya zo ya riƙe masa, ya zama kafilinmu, wato mai tsaya mana a kan takardun zaman ƙasar. Ɗakuna uku ne da zaure. Dokta ya cika su da kifaye, da ƙaguwa iri-iri, da murjani, da wata aba mai hannaye takwas da na ƙi yarda in tsaya kusa da ita shekara da shekaru. Motocin makarantu sukan yi layi a ƙofar. Na sha ganinsa ya durƙusa a gaban 'yan yara yana yi musu bayani da Larabcinsa mai ƙanshin Yawuri, suna dariya suna gyara masa, shi kuma ko a jikinsa.

Yana da wata ɗabi'a ta aiki da duk wanda ya zauna da shi ya sani. Bai taɓa ɗebo abu guda daga teku ba, sai biyu. Ɗaya na gidan da yake wa aiki, ɗaya kuma ya ce rabon yaran Yawuri ne. Ya nemi izinin attajirin tun farko, aka ba shi da baki kamar yadda mutanen kirki suke yi, aka kuma bar masa ɗakin baya mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana jera kwalabensa. A gida kuwa, duk hutun da muka je sai ya leƙa makarantar firamaren da ya yi. Shi da kansa ya sa aka gina ɗaki a can aka kafa kantoci, ya tara yara ya ce musu su yi haƙuri, zai kawo musu abin da ke ƙarshen koginsu. Shirinsa shi ne ya yi ritaya, a loda kayan a jirgin ruwa daga Jidda, mu bi su.

Wahalar abin ita ce, waɗannan halittu a cikin sifirit ake ajiye su, sifirit kuwa ba ya son zafi. In aka bar kwalba a ɗaki mai sanyi ana dubawa ana ƙara mata, sai ta fi mai ita daɗewa. In rana ta same ta, murfin ya saki, ruwan ya bi iska. A wannan ƙasa kuma sai da takardar izini ake sayen sifirit, don ɗan'uwan giya ne. Mutanenmu ba su bar shi ya huta ba a kan wannan. In ya shigo masallaci rigarsa na ɗan wari, sai ka ji ana cewa Sarkin Ruwa ya sha aiki. Ni ma na yi nawa, sau nawa ina hana shi zama a kan shimfiɗata sai ya sake riga.

Nasiru ya zo mana ne yana ɗalibi, siriri, mai yawan sunkuyar da kai. Tallafin karatunsa ya ƙare, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, na shirin mutuwa, Dokta ya roƙi attajirin ya ɗauke shi aiki. Ya koya masa komai, daga yadda ake wanke kwalba har yadda ake tarbar baƙi. A gidana ya ci tuwo shekaru, ni na haɗa masa lefe, Mama yake kirana. Da ciwo ya kwantar da Dokta, shi ya riƙe wurin. A asibiti, ina zaune ina ji, Dokta ya kama hannunsa ya ce ba amanar iyali zai bar masa ba, don Allah na nan, amma ɗakin baya yana wuyansa har ranar da kayan za su hau jirgi. Nasiru ya yi kuka har sai da na rarrashe shi.

Sai na shiga takaba, a tsakiyar zafi. 'Ya'yanmu suna karatu a gida Najeriya, sun zo sun yi kwanakin zaman makoki sun koma. Attajirin ya yi mini mutunci, ya bar iƙamata har in fita. Ba inda nake zuwa, ba abin da nake gani sai bango huɗu da matan da suke zuwa taya ni zama. Kowace Juma'a bayan an sauko, Nasiru zai zo ya zauna a falo, ni ina bayan labule, a kai masa abinci. Kowace Juma'a kuma tambayata ɗaya ce, yaya ɗakin baya. Amsarsa ma ba ta taɓa canzawa ba.

"Lafiya lau, Mama. Ki kwantar da hankalinki, ki yi ta yi masa addu'a."

Na kwantar, na yi addu'ar, har shi Nasirun nake sakawa a ciki.

Ranar da na fita takaba na yi wanka na ce a kai ni in ga kayan, tunda saura mako in bar ƙasar kuma ina so a fara ɗaure su. Malam Ɗanjuma, mijin maƙwabciyata Hajiya Kulu, shi ya ɗauke ni, direba ne. Da muka isa bakin ƙofa sai ya tambaye ni ko za mu bari sai gobe. Ban gane ba, na ce gobe ta mece ce.

Na tarar an sake wurin gaba ɗaya. Attajirin ya ga ɗawainiyar kwalabe ta yi yawa ba Dokta, sai ya kyautar da na gidan ga wata jami'a, aka maye gurbinsu da manyan allunan talabijin da kifayen roba. Wannan dukiyarsa ce, ban da ta cewa. Ɗakin baya kuwa ya zama ofishin sabon shugaba, Nasiru, da kujera mai juyawa. Da na tambayi kayan Yawuri, ya kasa haɗa ido da ni, ya sa aka buɗe mini wani siton kwano a bayan gini, kusa da inda ake ajiye motoci. Tun makonni kaɗan bayan rasuwar aka kwashe su zuwa can.

Duk wanda ya san zafin Riyad ya san abin da kwano yake yi da rana. Na tsaya a bakin ƙofar, iskar da ta fito ta doke ni kamar ta bakin tanda. Murafe sun saki, wasu kwalaben sun tsage. Kifayen da ya yi shekara ashirin yana nutso yana tarawa sun ƙanƙance sun yi baƙi a gindin kwalba, kamar bandar da aka manta a kan raga. Na ɗauki ɗaya na girgiza, na ji tana ƙara. Ban yi kuka a wurin ba, don ban so Nasiru ya samu damar ba ni haƙuri.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai da na koma gida na ji shi. Hajiya Kulu ce ta shigo tana share ido, ta ce ai mijinta ne ya ja motar da aka kwashe kayan, 'yan garinmu ne kuma suka yi dakon. Kowa ya sani. Matan da suke zuwa kullum suna tsince mini shinkafa, suna yi mini tausar ƙafa, duk sun sani. Na tambaye ta me ya hana ko mutum ɗaya ya buɗe baki.

"Yaya, nauyinki muka ji," in ji ta. "Mace tana takaba, ta yaya za a kawo mata labarin tashin hankali? Kuma fisabilillahi wa zai ajiye kwalaben sifirit a gidan haya a garin nan?"

"Ni," na ce mata. "Ɗakin Dokta yana nan a rufe, mukayyif na aiki. Da kun tambaye ni."

Ba ƙarya ta yi ba, kara suka yi mini. Mu mutane ne masu kara, ni ma a cikinta aka haife ni, na kuma yi wa wasu. Amma har in koma ga Allah ba zan yarda cewa don ni aka yi shirun nan ba. Nasiru ya yi shiru ne don ofis yana masa daɗi, kuma in ya nemi a ceci kwalaben sai ya sa sunansa a takardar sifirit, shi da ya fara limanci a unguwarsu. Sauran sun yi shiru don kada a ce su suka faɗa. Kowa ya tsare fuskarsa, aka laƙaba wa abin sunan tausayina. An ci amanar mamaci, an kuma mayar da takabata makulli, wannan shi ne gaskiyar magana.

Abin da ya tsira kwali ɗaya ne na murjani da ɓawon katantanwa, tunda su ba ruwansu da sifirit. Na ɗauke shi a kayana daga filin jirgin Sarki Khalid har Yawuri. Ranar da na isa na faɗa wa hedimasta komai, ban rage masa ba. Ya yi salati, ya jera su a kanta ɗaya, sauran kantocin suka zauna haka nan. Yaran da Dokta ya tara ya yi wa alkawari sun gama makarantar tuni, wasu har sun yi aure.

Shekara biyu bayan haka autanmu ya samu aiki a Riyad ya dawo da ni. Garin ya canza, yana kuma ta canzawa. Bara aka bar mata su tuƙa mota, na ga wata yarinya ta wuce ni a titi hannunta ɗaya a kan sitiyari, sai na ce a raina da ina tuƙi a lokacin, da na je na duba kwalaben da idona. Na san ko da a lokacin an yarda, takaba ba za ta bar ni fita ba, amma zuciya ba ta jin lissafi. Nakan tambayi kaina me Dokta zai ce da ya ga gidansa yanzu. Ina jin allunan nan za su burge shi, don mutum ne mai son sabon abu, zai tsaya ya kalli kifi yana iyo a bango har ya manta da abinci. Sannan zai tambayi yaran ko sun taɓa riƙe na gaske a hannu. A kan Nasiru kuwa na san halinsa, zai nemo masa uzuri kafin shi ya nemo wa kansa. A nan ne muka sha bamban tun yana da rai, shi mai sanyi ne, ni ba haka aka yi ni ba.

Ban ce komai nasa ya tafi ba. Kwalaben da aka kai jami'a suna nan ana karatu da su. Akwai wata Balarabiya da ta tsayar da ni a asibiti da ta ji sunansa, ta ce tana 'yar firamare ya ɗora mata ƙaguwa a tafin hannu, yanzu ita ma aikin teku take karanta. Na yi farin ciki ƙwarai. Sai dai duk wannan rabon wasu ne. Na yaran da ya fi so a duniya shi ne ya bushe a bayan gini, a hannun wanda ya ci tuwona.

Makon jiya Nasiru ya kawo gayyatar da kansa, domin shi ne babban mai jawabi a taron. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Na zuba masa shayi, muka gaisa kamar mutane. Da zai tashi ya sunkuyar da kai irin na da, ya ce:

"Mama, don Allah ki yafe mini."

"Me zan yafe maka, Nasiru?"

"Duk abin da ya faru," in ji shi.

Na ce masa ruwan sama ne yake faruwa, wannan yi aka yi. Na ce ba na neman ya tona kansa a gaban taro, mu biyu ne a falon nan, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa sau ɗaya, wallahi kafin ya kai ƙofa na yafe. Na zauna ina jira, da gaske nake jira, don na gaji da ɗaukar abin nan kuma yaron nan kamar ni na haife shi.

Ya gyara hularsa, ya ce za a turo mota ta ɗauke ni bayan la'asar.