Mainasara Mai Fito Da Tafiyar Ikko

Mainasara ya gaji fito ne daga ubansa, a wata mashiga ta Gulbin Rima da ke tsakanin Wurno da Goronyo. Dogo ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, ga murya wadda in ya kira mutum a wannan gaɓa sai na waccan gaɓar ya waiwayo. Da damina shi ke ƙetarar da 'yan kasuwa da kayansu da matan Fulani masu tallan nono. Da rani kuwa, in ruwa ya janye har ana ratsa shi da ƙafa, sai ya jingine jirgi ya koma su da gyaran taru.

An san shi da yawan tambaya. Duk baƙon da ya shiga jirginsa sai ya tambaye shi inda ruwan nan yake ƙarewa. A bakin fatake ya ji cewa Rima tana zuba cikin Kwara, ita kuma Kwara tana ta tafiya har ta faɗa wani ruwa wanda ba a hango ƙetarensa. Yana saurayi ya taɓa bin gulbin da niyyar ya ga ƙarshensa. Ya kai Argungu ke nan saƙo ya cim masa cewa ubansa ya rasu. Ya juyo ya karɓi gorar tuƙi, bai sake yin nisa ba.

Yana da taubashi, Mode, ɗan ƙanwar ubansa. Mode gajere ne, ba ya da yawan magana, sana'arsa noman albasa da tafarnuwa a fadama. Kowa a ƙasar ya san Mode na tsoron ruwa. In dole ta sa shi shiga jirgi, sai ya zauna a tsakiya ya runtse ido ya riƙe gefe da hannu biyu yana salati, Mainasara kuwa yana yi masa waƙa har su sauka. Wasan taubasai ne, sun girma a kai, babu wanda ya taɓa yin fushi.

Akwai wani ɗan kasuwar goro, Yusha'u, wanda harkarsa ta kai shi Ikko ya zauna can. Da ya tashi neman aure gida, 'yar Mainasara ya fara nema, Turai. Mainasara ya ce ba ya ba da 'yarsa a kai ta inda ba zai iya zuwa ya duba ta ba. Yusha'u bai ja magana ba. Shekara na zagayowa ya auri Hauwa'u, 'yar Mode, ya tafi da ita.

Shekara shida bayan wannan, 'yan shekaru da dawowar sojan da suka je yaƙin Bama, wasiƙa ta zo wa Mode ana gab da kaka. Aka kai wa Malam Isa, mai karanta wa mutane takarda a rumfarsa ta bakin kasuwa. Mainasara na nan zaune ana karantawa. Hauwa'u ta haifi namiji, an sa masa sunan ubanta. Tana roƙon ya zo ya sa wa takwaransa albarka, ko da kwana goma ne. Yusha'u ya ɗauki nauyin hanya, ya kuma shirya da wani abokin cinikinsa a Gusau wanda zai sa shi a jirgin ƙasa. A ƙarshen takardar, don ya kwaɗaita wa surukinsa, Yusha'u ya ba da labarin garin: tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, ruwan kuma na gishiri, akwai itatuwan kwakwa dogaye har bakin yashi, ana ruwan sama kusan duk shekara, jiragen Nasara na zuwa su tsaya, kowanne ya fi unguwa guda girma.

Mutane suka yi ta yi wa Mode barka. Shi kuwa ya matsa kusa da Malam Isa.

"Malam, sake karanta wurin ga," in ji shi. "Ruwa ta ko'ina kac ce?"

Aka yi dariya. Mainasara bai yi ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya koma bakin gulbi, ranar nan har wata tsohuwa ya yi wa tsawa don ta yi jinkirin shiga jirgi, abin da bai taɓa yi ba.

Da ya koma gida matarsa Kaltume ta ajiye masa tuwo, ya ci loma biyu ya ture.

"Shekara talatin ina bisa ruwa," ya ce. "Talatin! Wanda ko wanka a gulbi bai taɓa yi ba shi za shi ga teku. Mi za shi gani, da idonai rufe?"

"Ɗiyatai ta tak kira shi, Malam," in ji Kaltume. "Da ka ba da Turai, da kai anka kira."

Ta faɗi ne ba da niyyar zafi ba, amma maganar ta zauna masa a ƙirji har kwana uku.

Abin da ya ƙara dagula masa rai shi ne Mode wurinsa ya zo neman shawara. Wa zai tambaya in ba shi ba? Mainasara ne ya san hanyar a ka, ko da bai taɓa binta ba: daga Wurno zuwa Sakkwato, daga nan mota zuwa Gusau, jirgin ƙasa zuwa Zariya, a sake wani a bi ta Kaduna, a ƙetare Kwara a Jaba, sai Ikko. Suka zauna ƙarƙashin wata tsamiya kusa da mashiga, Mainasara na zana tashoshin a ƙasa da tsinke. Shi ya ce masa ya ɗinke takardar harajinsa cikin laya ya rataya, kada 'yan sanda su tare shi a hanya. Shi ya ce guzuri ya zama gumba da ƙuliƙuli da kilishi, abin da ba ya lalacewa. Shi ya ce a kai wa mai jego kuka da daddawa da shinkafar fadama, a bar albasa don nauyi. Mode ya ce ko zai bar rigarsa ba zai bar albasa ba. Suka ƙidaya kwanaki: huɗu zuwa, goma zama, huɗu dawowa, ya iso kafin lokacin dashen albasa.

Shawarar duk mai kyau ce, domin Mainasara ba ya iya ba da ta banza a kan tafiya. Sai dai kowace shawara yana biyo ta da wani abu.

"An ce igiyar ruwan can ta ɗara tsamiyar ga tsawo."

"Subhanallahi."

"Kuma akwai kihin da ka haɗiye jirgi da mutanen ciki. Ni dai abin da nij ji na nika gaya maka."

Rana ta uku ya fito da abin da ke ransa. Ya ce, "Taubashi, in kana ganin ba ka iyawa, ba kunya ba ta. Ni ma uba na ga Hauwa'u. In tahi a madadinka, in sa ma jinjiri albarka, in komo maka da labari."

Mode ya dubi zanen da ke ƙasa. Can ya ce, "Shekara shidda ban ga ɗiyata ba. Ko kihin na jirana bakin tasha, za ni."

Mainasara bai taɓa jin taubashinsa ya yi magana da irin wannan murya ba, kuma bai ji daɗinta ba.

Saura kwana tara tafiya ya kawo shawarar koyo. Ya ce tunda dole sai an shiga tsibiri da jirgi, gara Mode ya saba tun a gida. Mode ya ga gaskiya ne. Da hantsi suka shiga su biyu, gulbi a cike, ruwa ja yana gudu. Ranar farko Mode ya buɗe ido har tsakiya. Rana ta biyu ya saki hannu ɗaya. Rana ta uku ya dubi ruwan ya ce, "Ashe ba kome." Yana murmushi.

Murmushin nan ne Mainasara ya kasa ɗauka. Ya ce, "To ga irin ta teku," ya taka gefen jirgi ya girgiza shi. Ya ƙara. Shi da kansa daga baya ya ce bai san sau nawa ya taka ba. Abin da ya sani shi ne ya ga ƙafafun Mode a sama, sai ruwa ya rufe.

Ya faɗa bayansa. Sai da ya nutsa sau biyu kafin ya kama wuyan rigarsa. Ruwa ya ja su nesa da mashiga, jirgin kuma ya yi nasa wuri, sai wasu masunta suka tare shi a ƙasa. Da ya fito da Mode bisa yashi sai ya danna masa ciki har ya amayar da ruwa.

Mode ya kwanta zazzaɓi kwana huɗu. A gari aka ce tsautsayi ne, har ana yaba wa Mainasara da ya ceto shi. Kaltume ce kawai ta dube shi ta ce, "Shekara talatin ba ka taɓa kada kowa cikin ruwa ba, Malam."

Ya je dubiya da kifi a hannu. Ya zauna bakin gado yana jiran Mode ya faɗi abin da duk su biyun suka sani. Mode ya ce, "Ranar Lahadi da sassahe nika son ka hisshe ni. Motar Sakkwato ba ta jira." Shi ke nan abin da ya ce. Ranar Lahadi Mainasara ya ɗaukar masa kaya har inda jakuna ke jira, da buhun albasar da komai, ya tsaya yana kallon ƙeyarsa har ta ɓace.

Kwana goma sha tara Mode ya yi. Ranar da ya dawo rumfar Malam Isa ta cika. Mainasara ya zo a makare, ya zauna daga baya kamar wanda hanya ce ta biyo da shi.

"Yaya hiton?" wani ya tambaya.

"Babu hito," in ji Mode. "Gada ta. Ta ƙarhe. Da ƙahwa munka shiga."

"To tekun hwa?"

"Na gane shi sau guda. Yusha'u ya kai ni ran Juma'a. Daga nesa nit tsaya, ƙugi garai ƙwarai." Sai fuskarsa ta washe. "Amma ku ji, albasarsu! Laima na kashe ta cikin mako guda. Na gaya musu su daina tara ta ƙasa, su yi mata rumfa iska na ratsawa. Kullum ina kasuwa. Har sunka riƙa kirana Sarkin Albasa."

Mainasara ya miƙe tsaye. "Kwana goma kana bakin teku, albasa kaka kallo?"

"Da jikana," in ji Mode. "Shina da kunnuwana."

Ya buɗe jaka ya fito da wata kwalba da aka toshe da tsumma ya miƙa masa. Ruwan teku ne. Ya ce shi bai iya matsawa ba, Yusha'u ya roƙa ya ɗebo. Mainasara ya buɗe ya ɗiga a harshe, mutane na kallonsa. Ya tofar.

"Gishiri kaz zuba ma ruwan rijiya," ya ce. Amma bai mayar da kwalbar ba.

Bayan wannan ya shiga tatsar Mode da tambaya, yau kaɗan gobe kaɗan, yana yi kamar gardama yake. Gadar taku nawa ce? Jiragen wane launi? Kwakwar ana hawa ne ko kaɗowa ake? Abin da Mode bai lura da shi ba sai ya cike daga bakin fatake. Kafin damina biyu Mainasara ya fi kowa a ƙasar iya ba da labarin Ikko. Yana tuƙi yana ba fasinja, da ƙugin ruwan da warin kifin da fitilun jiragen. Bai taɓa cewa ya je ba. Bai kuma taɓa cewa bai je ba.

Wata ranar kasuwar Goronyo jirgi ya cika, Mode na ciki a tsakiya inda ya saba. Akwai wani baƙo, tsohon soja da ya zauna Ikko shekara biyu. Ya saurari labarin har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Lalle Baba ka san gari. Wace unguwa ka sauka?"

Gorar ta tsaya a hannun Mainasara. 'Yan garin da ke cikin jirgin suka sunkuyar da kai, wata mata ta rufe baki da gyale.

"Gidan surukinmu munka sauka, kusa da kasuwar goro," in ji Mode, bai ko ɗago ba. "Shi ya ja ni. Ni da na ɓace tun Zariya."

Sojan ya ce ya san wurin, aka ci gaba da hira. Da aka sauka kowa ya watse, Mode ya tsaya ɗaure kayansa. Mainasara ya dube shi ya ce, "Wa yas sa ka?"

"Ba kowa."

"Ka tahi, ka gani, ka komo, yanzu har kyauta kaka yi mini da shi."

Sati guda bai yi masa magana ba. Rana ta takwas Mode ya aiko masa da kwandon albasa, ya karɓa ya ce ƙanana ne.

Sun rayu haka kusan shekara goma sha biyu. Yusha'u ya taɓa aiko wa Mainasara cewa shi ma ya zo ya ga gari. Ya yi shiri har ya sayi sabon takalmi, sai ya ce wa zai bar wa jirgi, gulbi a cike. Da rani ya ce ƙafa na damunsa. Kaltume ta ce ita a ganinta ba ya son ya je ne a bayan Mode. Mainasara ya rasu da wata kaka, bayan gajeruwar jinya. Mode na cikin waɗanda suka yi masa wanka, daga nan kuma ya daina zuwa kasuwar ƙetare sai da rani, in ana ratsa gulbi da ƙafa.